Lantarkin da Ake Bugawa Kamar Tambarin Riga: Me ke Ƙarƙashin Madannan Leda da Gilashin Shafa?

Idan ka taɓa ɗumama abinci a na'urar maikirowef, ko ka sayi kifi a wurin mai sikelin lantarki, ko ka lura da na'urorin da ake ajiyewa a gefen gadon mara lafiya a asibiti, to ka riga ka ga irin madannan da za mu yi magana a kansu yau. Ba su da tudu irin na makunnin fitilar bango. Wuri ne shafaffe mai santsi da aka rubuta lambobi a kai, ka latsa ya ɗan lotsa, na'ura ta yi ƙara, aiki ya fara.

Da za a ɓare wannan fuskar a nuna maka bayanta, ba za ka ga wayar wuta ko guda ba. Abin da za ka gani shi ne 'yan siraran ledoji manne da juna, da wasu layuka masu ruwan toka da suka yi ta lanƙwasa a jikinsu. Waɗannan layukan su ne wayoyin, kuma da tawada aka buga su, ta hanyar da masu buga hoton ɗan takara a jikin riga lokacin kamfe, ko sunan ango da amarya a jikin jakar rabon biki, suke bi. Injiniyoyi na kiran irin wannan makunni membiren suwic. Mu a nan za mu kira shi madannin leda.

Sanin yadda ake ƙera shi na da amfani ga aljihunka. Na'urori da yawa da ake jefarwa a matsayin matattu, injinsu lafiyarsa ƙalau, layin tawada ɗaya ne da bai kai kaurin gashi ba ya tsinke. In ka fahimci yadda abin yake, za ka gane dalilin da ya sa madannai uku ko huɗu ke mutuwa rana ɗaya, da dalilin da ya sa wayarka ke latsa kanta idan ka sa ta a wata caja.

Fallayen da ke ciki

Madannin leda fallaye ne da aka jera ɗaya bisa ɗaya, duka kaurinsu bai cika wuce milimita ɗaya zuwa biyu ba. Bari mu bi su daga sama zuwa ƙasa.

Falle na farko shi ne fuskar da kake gani kake taɓawa. Ana yin ta da ledar foliyesta ko folikabonet mai garau. Dabarar da ke nan ita ce, lambobi da launuka a bayan ledar ake buga su, a juye. Kai kana hango su ne ta cikin leda, yatsanka bai taɓa kaiwa ga tawadar ba. Shi ya sa za ka ga na'ura ta yi shekara goma lambobinta ba su goge ba.

Ƙarƙashinsa akwai falle mai ɗauke da ɗigon tawada mai kai wuta a daidai kowane madanni. Sai falle na tsakiya, wanda leda ce mai gam gaba da baya, an huda ta a daidai wurin kowane madanni. Aikinta shi ne ta raba na sama da na ƙasa, tazarar da ba ta wuce kaurin takarda ɗaya ko biyu ba. Daga nan sai falle na ƙasa, inda aka buga hanyoyin wutar. A daidai kowane madanni, hanyoyi biyu ne suke zuwa su tsaya dab da juna ba tare da sun haɗu ba, galibi a siffar yatsun hannu biyu da aka sarƙa amma ba su taɓa juna ba.

Idan ka latsa, falle na sama ya lotsa ta cikin hudar, ɗigon nan ya sauka a kan yatsun biyu ya haɗa su, wuta ta wuce, ƙwaƙwalwar na'ura ta gane an danna. Ka ɗaga yatsa, leda ta koma yadda take, hanya ta katse. Wutar da ke bi ta nan kaɗan ce ƙwarai, yawanci bolt 3 zuwa 5, saƙo kawai take kaiwa. Babbar wutar da ke juya injin ta wata hanya take bi daban.

Wasu madannan za ka ji suna yin ƙas idan ka danna. Waɗannan an saka musu ɗan faifan ƙarfe marar tsatsa mai doro, kamar ƙaramin ƙoƙo da aka kife. Ka danna shi ya faɗa ciki lokaci guda, ka saki ya dawo. Wannan faɗawar ce kake ji a yatsanka, kuma faifan mai kyau yana jure dannawa fiye da sau miliyan ɗaya.

Akwai wani abu da ido ba ya gani: iskar da ke cikin hudar tana buƙatar wurin zuwa idan ka latsa. Don haka ake yanka 'yan siraran lunguna a falle na tsakiya su haɗa huda da huda, iska ta tsere zuwa maƙwabta ta dawo. Ba don su ba, madannin zai yi tauri, ko ya lotsa ya ƙi tasowa.

Daga ƙarshe, duk hanyoyin wutar suna taruwa su fita ta wata doguwar jela ta leda, wadda ake zurawa cikin soket a kan allon lantarkin na'urar. Ka riƙe maganar jelar nan, za mu dawo kanta.

Tawadar da wuta ke bi

Tawadar da aka saba da ita ba ta kai wuta. Wadda ake amfani da ita a nan abubuwa uku ne a haɗe: garin azurfa, da wani ƙaro na roba da ke riƙe garin ya manna shi a jikin leda, da ruwan sinadari mai tashi idan ya ji zafi, irin tinar da masu fenti ke sirka fenti da ita.

Ƙwayoyin azurfar falle-falle ne kamar ɓawon kifi, kowace faɗinta 'yan maikiron kaɗan. Maikiron ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita, gashin kan mutum kuwa yakan kai maikiron 50 zuwa 100. Lokacin da tawadar take jiƙe, ƙwayoyin na yawo ne a cikin ruwa ba sa taɓa juna sosai, don haka wuta ba ta wucewa yadda ya kamata. Da zarar an gasa ta, ruwan ya tashi, tawadar ta tsuke, ƙwayoyin su kwanta kan juna su yi sarƙa tun daga farkon layi har ƙarshensa. Layin da ya bushe kaurinsa bai wuce kimanin maikiron 10 ba.

Me ya sa azurfa, duk da tsadarta? Dalili biyu ne. Na farko, a duk ƙarafa babu wanda ya kai ta saurin kai wuta. Na biyu, garin jan ƙarfe, wanda shi ne ya fi arha, yana saurin yin tsatsa da zarar ya haɗu da iska, tsatsar kuma tana toshe hanya tsakanin ƙwaya da ƙwaya. Azurfa ba ta da wannan matsalar sosai.

Akwai kuma tawadar kabon, baƙa, wadda ake haɗawa da garin girafayit, wato abin da ke cikin bakin fensir. Tana da arha, tana jure gugar yau da gobe, sai dai turjiyarta ga wuta ta ninka ta azurfa sau ɗaruruwa. Saboda haka akan shafa ta ne a kan azurfa a wuraren da ake yawan gogawa, kamar bakin jela da wurin haɗuwar madanni. Tawada ta uku ita ce mai hana wuta wucewa, wadda ke yin aikin robar da ke jikin wayar wuta.

Yadda ake bugawa

Kayan aikin farko rariya ce: wani ƙyalle mai ƙananan ƙofofi da aka ɗaure tamau a jikin firam. A da da siliki ake yin sa, yanzu da zaren foliyesta ko siririyar wayar ƙarfe marar tsatsa. Ana shafe rariyar da wani sinadari da ke daskarewa idan haske mai ƙarfi ya taɓa shi. Sai a ɗora zanen hanyoyin wutar, wanda aka fitar da baƙi a kan leda mai garau, a haska. Inda haske ya taɓa ya daskare ya toshe ƙofofi, inda baƙin zane ya kare kuma a wanke shi da ruwa ya fita. Yanzu an samu rariya da ke a buɗe a daidai siffar zanen kawai.

Sai a shimfiɗa leda a ƙarƙashi, a zuba tawada a sama, a ja ta da wata roba mai kaifin baki. Tawadar ta ratsa ta wuraren da ke buɗe ta sauka a kan ledar. Duk wanda ya taɓa tsayawa a shagon masu buga riguna ya ga wannan da idonsa. Bambancin yana wajen ƙa'ida. A riga, idan tawada ta ɗan yi kauri a wani wuri, ba wanda zai lura. A nan kuwa kaurin layi shi ke yanke yawan turjiyarsa, don haka ana auna tsaurin rariya, da kusurwar robar, da saurin janta, da kaurin tawadar kanta.

Daga nan ledar ta bi ta cikin tanderu a kan bel mai tafiya, a zafin da ya kai kimanin digiri 120 zuwa 150 a ma'aunin Salshiyas. Leda kuwa tana tsukewa idan ta ji zafi. Shi ya sa ake amfani da wadda aka riga aka gasa tun kafin bugu, ta gama tsukewarta, don kada bugu na biyu ya kauce daga kan na farko.

Idan zane ya tilasta wa layi biyu su gitta juna fa? Sai a yi musu gada. A buga layin farko, a gasa. A buga tawada mai hana wuta a daidai mahaɗar, yawanci sau biyu, don in an samu 'yar ƙofa a shafin farko na biyu ya rufe ta. Sannan a buga layi na biyu ya haye ta sama.

'Yan ƙananan fitilun da ke haskawa a jikin fuskar ma ba da dalma ake like su ba. Dalmar da masu gyaran rediyo ke narkarwa sai zafi ya haura digiri 180, ledar ba za ta jure ba. Da wani gam mai garin azurfa ake manna su.

Bayan an gama bugu, sai a yanka fallayen da wuƙar inji ko da hasken leza, a jera su, a danne su manne. A ƙarshe a gwada kowane madanni da na'ura: shin yana haɗa wuta idan an danna, shin babu layi biyu da suka haɗe inda bai kamata ba.

Ka kwatanta wannan da yadda ake yin koren allon lantarki da ke cikin rediyo ko talabijin. A can ana farawa ne da allon da aka shafe gaba ɗaya da jan ƙarfe, sannan a sa sinadari ya cinye duk inda ba a so, a bar hanyoyi kawai. A bugun rariya kuwa, inda ake buƙatar ƙarfe nan kaɗai ake sa shi. Ɓarnar kaya ta ragu, dattin sinadari ya ragu, kuma abin da aka samu yana lanƙwasuwa.

Dabarar ba sabuwa ba ce. A ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu, kamfanin Centralab a Amurka ya riƙa buga hanyoyin azurfa da na kabon a kan 'yan fale-falen tangaran, domin ƙananan na'urorin da ake sakawa a kan harsasan manyan bindigogi. Madannin leda kuma ya shiga gidajen mutane sosai ne a ƙarshen shekarun 1970. Kwamfutar Atari 400 ta 1979, da ZX80 da ZX81 na kamfanin Sinclair a Ingila a 1980 da 1981, duk da irin wannan allon rubutu suka fito, don a rage farashi. Har yau, mafi yawan allunan rubutu na kwamfuta masu arha fallayen leda uku ne a ƙarƙashin maɓallansu.

Dalilin da ya sa madannai ke mutuwa rukuni-rukuni

A ce fuskar na'ura na da madannai 16. Da kowane madanni zai samu wayoyinsa biyu, da an buƙaci layi 32. Ba haka ake yi ba. Ana jera su ne kamar saƙar tabarma: layi 4 a kwance, layi 4 a tsaye, kowane madanni yana zaune a mahaɗar ɗaya na kwance da ɗaya na tsaye. Layi 8 ke nan sun wadatar. Ƙwaƙwalwar na'urar tana tura wuta a layin kwance na farko ta saurari na tsaye huɗu, ta koma na biyu, haka har ta zagayo, sau da yawa a cikin daƙiƙa ɗaya. In ta tura a layi na biyu ta ji amsa a na tsaye na uku, ta san wane madanni aka danna. Da wannan dabarar ce allon rubutun kwamfuta mai maɓallai sama da 100 ke aiki da layukan da ba su kai 30 ba.

Ga amfanin sanin wannan. Idan madanni ɗaya ne ya daina aiki, matsalar a wurinsa take: ko ya gaji, ko datti ya shiga. Idan kuwa uku ko huɗu ne suka mutu lokaci guda, misali 1 da 4 da 7, to layi ɗaya ne da suke tarayya a kai ya katse, kuma sau da yawa a jela ne ko a bakin soket. Wani lokaci zare jelar, a goge bakinta da sifirit, a mayar daidai, shi ke nan gyaran. In kuwa ta tsinke, fuskar kaɗai ake canzawa, na'urar tana nan da ranta.

Gargaɗi ɗaya a nan: kada ka buɗe maikirowef da kanka. Akwai wani ma'ajin caji a cikinsa da ke iya riƙe wutar da za ta kashe mutum ko bayan an zare shi daga soket. Wannan aikin na mai gyara ne wanda ya san kansa.

Rimot ɗin talabijin ɗan'uwan madannin leda ne, da ɗan bambanci. A ƙarƙashin kowane maɓallin roba akwai baƙin ɗigon kabon da ke sauka a kan yatsun da ke jikin allo. Maiƙo da datti ne suka fi hana shi aiki, kuma gogewa da auduga da sifirit na dawo da shi sau da yawa.

Daga dannawa zuwa shafawa

Fuskar shafa iri biyu ce ta fi yaɗuwa. Ta farko madannin leda ce kawai da aka mayar garau. Falle biyu ne masu kai wuta, ɗaya gilashi ɗaya leda, da 'yan ɗigo-ɗigo da ido ba ya gani suna raba su. Ka danna su haɗu, na'ura ta auna wuta ta lissafa wurin da ka taɓa. Wani masanin kimiyya a Amurka, George Samuel Hurst, shi da abokan aikinsa ne suka assasa wannan a farkon shekarun 1970. Ita ce a tsofaffin wayoyin nan masu tsinke, waɗanda ake latsawa da farce ko bakin biro.

Ta biyu, wadda ke wayarka yanzu, ba ta buƙatar komai ya motsa. Idan abubuwa biyu masu kai wuta suka kusanci juna, da wani abu marar kai wuta a tsakaninsu, sukan iya riƙe ɗan caji. Jikinka kuwa ruwa ne mai gishiri, yana kai wuta. A bayan gilashi akwai ɗan fili mai kai wuta, ƙwaƙwalwar na'ura tana ta cika shi da caji tana aunawa. Da yatsanka ya kusanto, sai adadin cajin da wurin ke iya riƙewa ya ɗan canza, na'ura ta gane. E. A. Johnson, injiniya a cibiyar binciken na'urar hangen jirage da ke Malvern a Ingila, shi ya wallafa wannan dabarar a 1965, domin masu kula da zirga-zirgar jiragen sama. Fitowar iPhone a 2007 ce ta sa ta mamaye kasuwar waya.

A waya, saƙar tabarmar nan ce aka sake amfani da ita: layuka a kwance da layuka a tsaye, ana auna kowace mahaɗa sau da yawa a daƙiƙa. Shi ya sa take gane yatsa biyu ko fiye a lokaci guda.

To da me ake yin layin da ke kai wuta amma ana gani ta cikinsa? Abin da aka fi amfani da shi wani haɗi ne na ƙarafan indiyom da kuza da iskar oksijin, wanda ake taƙaita sunansa da ITO. Shi ba bugawa ake yi ba. Fesa shi ake yi a jikin gilashi a cikin akwatin da aka zuƙe wa iska, sannan a zana layukan da haske da sinadari. Yana da tsada, domin indiyom a wajen tace ƙarfen zink ake samun sa kaɗan-kaɗan, kuma yana tsagewa idan an lanƙwasa shi da yawa. Duk da haka bugun rariya na da aiki a nan: baƙin gefen da ke zagaye da gilashi bugawa ake yi, kuma a fuskoki da yawa, a bayansa ake ɓoye siraran layukan azurfa da ke kai saƙo zuwa ƙwaƙwalwa.

Ga fuskokin da ba sa buƙatar tsananin daidaito irin na waya, kamar na injin wanki, murhun lantarki da gaban mota, ana buga filayen shafar kai tsaye da tawadar azurfa. Inda ake son haske ya fito ta baya kuma, akwai wata roba mai kai wuta da ake kira PEDOT, wadda kusan garau take kuma ana iya buga ta. Gano cewa roba na iya kai wuta shi ya sa aka ba Alan Heeger da Alan MacDiarmid da Hideki Shirakawa lambar Nobel ta kimiyyar sinadarai a shekarar 2000.

Tunda canjin da ake aunawa ƙarami ne ƙwarai, abu kaɗan ke ruɗa shi. Ɗigon ruwa ko gumi yana kai wuta, sai waya ta ɗauka yatsa ne. Safar hannu mai kauri tana nisanta yatsa daga gilashi, sai ta ƙi ji. Fata mai kanta da ta bushe ƙamas, kamar a lokacin hunturu, ita ma takan wahalar da ita. Caja marar inganci kuma tana shigo da wuta mai rawa, wadda ke cakuɗa da ɗan saƙon da ƙwaƙwalwa ke aunawa, sai ka ga waya tana buɗe abubuwa da kanta. Kafin ka biya kuɗin canza gilashi, zare cajar ka gwada. In ta dawo daidai, caja za ka canza.

Abubuwa uku da ke kashe madannin leda

Na farko danshi ne, kuma hanyar da yake bi abin mamaki ce. Idan layin azurfa biyu na kusa da juna, akwai wuta a tsakaninsu, sannan ɗan laima ya shiga, sai azurfa ta fara narkewa daga layi ɗaya ta bi ta cikin laimar ta taru a ɗayan. A hankali ta riƙa tsiro kamar saiwar ciyawa har ta haɗa layukan biyu. Masu bincike a ɗakunan gwaji na Bell a Amurka sun yi bayanin wannan tun 1955, bayan da ya addabi kayan tarho. Alamarsa ita ce na'ura ta riƙa ƙara ita kaɗai kamar ana danna ta, musamman da damina ko a kicin mai yawan tururi. Masu ƙira na kare shi ta hanyar rufe azurfar da kabon ko tawada mai hana wuta, da toshe gefunan da gam. Kai naka shi ne kada ka fesa ruwa ko sabulu kai tsaye a fuskar. Jiƙa tsumma ka matse, sannan ka goge. In ka ga gefen ledar ya fara ɗagowa, ta nan ruwa zai shiga.

Na biyu ninki ne. Jela tana jure lanƙwasa mai faɗi, amma idan aka ninke ta kamar takarda, sarƙar ƙwayoyin azurfa za ta tsage a daidai ninkin.

Na uku abu mai tsini: farce, bakin makulli, bakin biro. Suna huda fuskar ko su lotsa faifan ƙarfen ya kasa dawowa. Idan madanni ya fara gardama, ƙara masa ƙarfi ba ya gyara shi.

Inda ba ka zata ba

Bugun rariya bai tsaya a madannai ba. Dubi faifan sola da kyau, za ka ga siraran fararen layuka a kan kowane gida. Tawadar azurfa ce da aka buga ta rariya, aka gasa a zafin da ya kai kimanin digiri 800, kuma su ne ke tattaro wutar da rana ta samar. Yawan faifan solar da ake ƙerawa ya sa wannan aikin kaɗai yana cin fiye da kashi 10 cikin 100 na azurfar da duniya ke amfani da ita a shekara. Layukan da ke gilashin bayan mota, masu ɗumama shi su kori hazo, su ma haka ake buga su. Haka nan ledar da ke cikin kujerar wasu motoci, wadda ke gane an zauna ta sa ƙararrawar ɗaura bel.

Sai tsinken gwajin sukari da masu ciwon suga ke amfani da shi. Da yawa daga cikinsu 'yar leda ce da aka buga wa layukan kabon ko azurfa, aka ɗiga wani sinadari mai narkar da sukari a bakinta. Jini ya taɓa, sinadarin ya yi aiki a kan sukarin, 'yar wuta ta fito daidai gwargwadon yawansa, mita ta auna ta nuna lamba. Mitar farko ta wannan salon, ExacTech, ta shiga kasuwa a 1987. Bugu ne ya sa ake iya ƙera tsinkayen da yawa a farashin da za a yi amfani da ɗaya a yar. Sai dai sinadarin ba ya shiri da zafi da laima. In kana da mai amfani da su a gida, a riƙa rufe kwalbar da zarar an ɗauki ɗaya, kada a bar ta a mota ko a rana, a kuma duba ranar ƙarewar wa'adi. Tsinken da ya lalace na iya ba da lambar da ba daidai ba, mutum kuma ya sha magani a kanta.

Za a iya yin sa a nan?

Rabin sana'ar tana hannun masu buga riguna a garuruwanmu: sun iya haɗa rariya, sun iya jan tawada, sun iya daidaita launi a kan launi. Abin da ya rage shi ne ɗakin da ƙura ba ta shiga, domin ƙwayar ƙura ɗaya a kan rariya na iya yanke layi, da tanderun da zafinsa ba ya hawa da sauka, da wutar da ba ta ɗaukewa ana tsakiyar gashi, da kayan aunawa. Tawadar ma daga waje za a sayo, farashinta kuma yana bin na azurfa. Amma ga masu haɗa inbata, injin ƙyanƙyasar ƙwai ko sikeli, waɗanda ke buƙatar fuskar madannai guda ɗari ko ɗari biyu, wannan na daga cikin sassan lantarki ƙalilan da ƙaramin shago zai iya ƙerawa ba tare da injinan biliyoyin naira ba.

In kana son ka ga tushen abin da idonka, gwada wannan a gida. Nemi fensir mai laushi irin na masu zane, mai lamba 6B, da batir mai bolt 9, da 'yar fitilar LED. Zana layi biyu masu kauri a kan takarda, kowanne tsawon yatsa, tazararsu daidai da ta bakin batirin biyu, ka yi ta maimaita zanen har su yi baƙi su yi ƙyalli. Manna ƙafafun fitilar a ƙarshen layukan da salatif, ka kifa bakin batirin a ɗaya ƙarshen. In ba ta kama ba, juya batirin. A ɗaki mai duhu za ka ga ta yi ɗan haske. Matso da batirin kusa da fitilar, hasken zai ƙaru, domin turjiya ta ragu. Sannan ka ninke takardar a tsakiyar layi ɗaya, ka danne ninkin da farce sau biyu ko uku, ka buɗe ka sake gwadawa, ka ga abin da ke faruwa da jelar madannin leda.